Ku Tambayi Kawu: Babur a Kan Mambila, Zaman Shiru da Hanyar Yankari

Damina ta ɗauke, hanyoyi sun fara bushewa, hutun ƙarshen shekara kuma ya ƙarato, shi ya sa wasiƙun wannan watan kusan duk na tafiya ne. Na zaɓi biyar daga ciki. Kamar yadda muka saba, na cire sunayen masu tambaya na bar unguwanninsu na nan Kaduna kawai. Waɗanda suka tambaya kan biza da kuɗin kujerar Umra su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

Daga wani matashi a Tudun Wada: Kawu, barka da aiki. Shekarata 26, ina gyaran waya a kasuwa. Mu huɗu ne abokai, kowa da baburinsa, uku Bajaj Boxer, ɗaya Jincheng. Muna yawan kallon bidiyon Turawa suna hawa duwatsu da babur, sai muka yanke shawarar mu ma mu tafi Mambila a kan namu. Mahaifiyata ta ce ba da yawunta ba. Baburanmu za su iya? Me ya kamata mu tanada?

Ɗana, kafin mu taɓa babur mu fara da Hajiya. Tsoronta ba na banza ba ne, kuma tafiyar da uwa ta ce ba da yawunta ba, ban taɓa ba kowa shawarar ya yi ta ba. Ka zauna ka karanta mata wannan amsa. Ta san inda za ka kwana kowane dare, ta san wanda za ta kira in wayarka ba ta shiga. In ta amince, alhamdu lillahi. In ta ƙi, ka haƙura, dutsen yana nan ba ya zuwa ko'ina.

Batun ko Boxer za ta iya, za ta iya. Mutanen Gembu da Nguroje da Maisamari, garuruwan da ke saman Mambila, ba da wani babur na musamman suke hawa da sauka ba, irin naku ne. Da idona na ga an ɗora wa ɗaya buhun masara biyu da mutum a baya, ya haura inda mota ke nishi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ku taso a kan babur tun daga Kaduna. Ka lissafa: Saminaka, Jos, Bauchi, Gombe, Numan, Jalingo, sannan Bali, Serti, kafin ka iso Mayo Selbe inda hawan yake farawa. Ko a mota tafiyar kwana biyu ce ga mai son ransa. A kan ƙaramin babur, tsakanin tireloli da tankoki, kafin ku ga dutsen jikinku ya riga ya mutu, kuma gajiyayyen mutum shi ke faɗuwa a kwana.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. A da, in mutanen ƙauye suka hango babura huɗu a jere, sai su ce 'yan biki ne. Yau in suka hango su, mata kan kwashe yara su nufi daji. Kai ɗan Kaduna ne, ka san dalili. Ka tuna a ƙarshen Satumban 2021 har hana hawa babur aka yi a jihar nan na wata uku saboda 'yan bindiga. Sojan da ke shinge ko ɗan bangan da ke bakin gari ba ya ganin abin da ke zuciyarku, abin da yake gani samari huɗu ne baƙi, fuska a rufe, jaka a baya. Saboda haka ku shiga mota har Gembu, ku nemi hayar babura a can, ku ɗauki ɗan gari mai jin Fulatanci ya shige muku gaba. Duk ƙauyen da za ku kwana, ku fara da gaishe da jauro ko mai gari. A shinge ku kashe inji, ku cire hular kwano tun kafin a ce ku cire. Kada kowa ya sa kaya mai kama da na soja, ko da hula ce. La'asar ta same ku a masauki.

Yanzu tuƙin kansa. Kaduna tana wajen mita 600 daga bakin teku, saman Mambila kuma wajen mita 1,600. Iskar can ba ta da kauri kamar tamu, kafireto kuwa man da ya saba bayarwa shi zai ci gaba da bayarwa, sai mai ya fi iska yawa. Za ka ji babur ya yi nauyi, ƙarfinsa ya ragu da kamar kashi ɗaya cikin goma, fulogi ya riƙa yin baƙi. Ba lalacewa ya yi ba. Ka sauko giya, ka bar shi ya hau a hankali.

Hawa ba ya kashe mutum kamar sauka. Lokacin da nake aikin safiyo na yi rani biyu a can. Wata safiya muna gangarowa zuwa Mayo Selbe, ina baya riƙe da jakar kayan awo, yaron da ke tuƙa ni ya kashe inji don ya rage shan mai, ya ɗora ƙafa a kan birki bai ɗaga ba. Ba mu yi nisa ba na fara jin ƙauri. Da muka zo wata kwana ya taka, ƙafar ta tafi har ƙasa, babur bai rage gudu ba. Allah Ya ba shi dabara ya karkata mu ɓangaren dutse, muka gogi bango muka zube a lambatu. Da ɓangaren rami ya bi, da ba mu kai labari ba. Tabon yana nan a ƙwaurina na hagu, shi kuma ya yi wata biyu da ɗori a hannu. Abin da ya faru shi ne birki ya yi zafi har ya daina kamawa. A doguwar gangara kada ka sa furi, kada ka kashe inji. Ka zauna a giya ta biyu, inji ya riƙe maka babur, birki kuma ka riƙa taɓawa kana saki, na gaba da na baya tare. In ka ji ƙauri, tsaya ya huce. A kan tsakuwa, kada ka damƙe birkin gaba kana cikin kwana, tayar za ta zame. Idonka ya tsaya inda kake son zuwa, domin babur inda ka kalla yake bi. Mai kallon rami rami yake nufa. Kowace kwanar da ba ka ganin bayanta ka danna ham, motocin katako da na shanu suna cin hanya.

Ku riƙe tif, faci da gam, famfo, fulogi biyu, wayar kulochi, wayar birki, sifanu da kwalbar baƙin mai. Takalmi ya rufe idon sawu, ba silifa ba. Rigar sanyi da safar hannu dole ne, da asuba yatsu kan ƙage. Tanki ya kai rabi ku cika, ko a wurin 'yan bumburutu ne. Ku je tsakanin Disamba da Fabrairu. Da damina jar ƙasar can yauƙi take kamar miyar kuɓewa, hazo kuma kan sauko har ka kasa ganin na gabanka.

In kun isa, za ka gane abin da ya sa nake wannan dogon bayani maimakon in ce kada ku je. Tuddai ne kore shar iya ganin ido, shanu jajaye masu dogayen ƙaho, layukan ganyen shayi a Kakara kamar an tsefe su da mataji. Shekaru sun ja, amma har yau in na rufe ido ina ganin wurin. Chappal Waddi, tsauni mafi tsayi a Najeriya mai mita 2,419, yana cikin gandun Gashaka-Gumti, sai dai shi da ƙafa ake hawansa, da rakiyar ma'aikatan gandun, kuma a ofishinsu na Serti ake neman izini.

Daga wani injiniya a Malali: Ranka ya daɗe, na daɗe ina burin tuƙa babur a duwatsun Himalaya, hanyar Manali zuwa Leh. Kuɗi ya samu. Mai ɗakina ce ta ce in faɗa maka jinina AS ne, ko da yake ni ban taɓa jin komai ba.

Malam, ka gode wa mai ɗakinka, ta kama inda ya kamata. Garin Leh kansa yana wajen mita 3,500, mashigar Khardung La da kowa ke son ɗaukar hoto a kai ta haura mita 5,300. Daga mita 2,500 jikin kowa kan fara jin ƙarancin iska: ciwon kai, amai, rashin barci, wani har ruwa ya taru masa a huhu. Mai AS yana da ƙarin haɗari nasa. A ƙasa lafiyarsa lau, amma in iskar shaƙa ta yi ƙaranci ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa, sai ciwo mai tsanani ya kama shi a gefen ciki na hagu. Rashin jin komai a Kaduna ba hujja ba ne, don ba ka taɓa kai jikinka irin wannan tsayi ba. Ka ga likitan jini kafin ka biya ko sisi, ka faɗa masa tsayin wuraren da lambobinsu. Mai SS kuwa ba na ma son ya sa abin a ransa.

In likita ya ba ka dama, hanyar ba ta buɗuwa sai ƙanƙara ta narke, kamar daga Yuni zuwa Oktoba. Royal Enfield ake haya a can, kuma ya fi baburanmu nauyi nesa ba kusa ba, ka samu kwana ɗaya ko biyu ka saba da shi. A Indiya hannun hagu ake bi, mu kuwa tun 1972 muka koma dama, hannunka zai so ya yaudare ka a kwana. In ka isa Leh ka yi kwana biyu ba ka hau komai ba. In likita ya hana, ka duba Maroko: hanyar Marrakesh zuwa Warzazat tana ratsa duwatsun Atlas ta mashigar Tizi n'Tichka, ɗan sama da mita 2,200. Ita ma ka faɗa masa ita. Ga kwalta, ga masallaci a kowane ƙauye, abinci kuma ba sai ka yi tambaya ba.

Daga wata ma'aikaciyar jinya a Kakuri: Kawu, shekara goma sha ɗaya ina aikin dare da rana, ga yara uku. Na kai inda ko ƙarar waya na ji sai gabana ya faɗi. Wata abokiyar aikina ta nuna mini wuraren da ake zuwa a Indiya a yi kwana goma ba magana, wai mutum kan dawo kamar sabo. Na tara ɗan kuɗi, maigida ya ce in zai amfane ni in je. Ni Musulma ce. Me ka sani game da wuraren nan?

Ƙanwata, sannu. Sannu da ɗawainiya. Na karanta wasiƙarki sau uku, kuma abin da ya tsaya mini a rai faɗuwar gaban nan ce, ba Indiya ba.

Bari in fara da abin da kika tambaya. Zaman kwana goma da aka nuna miki, mai yiwuwa wanda ake kira Vipassana ne, wanda S. N. Goenka ya yaɗa. Babbar cibiyarsu tana Igatpuri a jihar Maharashtra tun 1976, yanzu kuma suna da rassa a ƙasashe da yawa. Tushensa koyarwar Buda ce. Ana tashi ƙarfe huɗu na asuba, a zauna wajen awa goma a yini, har tara na dare. Waya da littafi da biro duk a bakin ƙofa ake karɓe su. Maza daban, mata daban. Ba nama, kuma bayan abincin rana sai shayi da 'ya'yan itace da yamma. Kwana ukun farko numfashi kawai ake bi da hankali, yadda yake shiga hanci yana fita, daga nan a koma bin abin da jiki ke ji daga kai zuwa ƙafa. Ba sa karɓar kuɗin zama, wanda ya gama ya ba da abin da ya ga dama. Ba 'yan damfara ba ne, da gaskiyarsu suke yi.

Sai dai akwai sharaɗi ɗaya da abokiyar aikinki ba ta gaya miki ba, wataƙila ita ma ba ta sani ba. A rubuce yake cikin ƙa'idojinsu cewa tsawon kwanakin nan mutum zai ajiye duk wata ibadarsa: addu'a, jan carbi, azumi, duka. A wurinki wannan salla hamsin ke nan. Ni ba malami ba ne, ba na ba da fatawa, ki tambayi malaminki. Amma ni a karan kaina ban ga natsuwar da zan sayo da salla hamsin ba. Wuraren yoga na Rishikesh a bakin kogin Ganga su ma da yawansu ana haɗawa da rera waƙoƙin bautar Hindu da safe da yamma. Addinin mutane ne, muna girmama su a kansa, amma ki san abin da za ki shiga. Duk inda za ki je, ki rubuta musu tun kina gida: zan iya salla biyar a kan lokaci? Su amsa a rubuce.

Abu na biyu, shiru mai tsawo ba kowa yake yi wa magani ba. Wanda damuwa ta riga ta yi wa yawa, in aka rufe shi da tunaninsa kwana goma, abin na iya ƙaruwa. Su kansu masu cibiyoyin suna tambayar lafiyar ƙwaƙwalwa a takardar neman shiga. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin alamomin. In ya haura mako biyu ba barci, ba cin abinci, kuka na zuwa ba dalili, ko kina jin rayuwar ta fita miki a rai, to likita ne farko. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana nan kusa da ke, kuma shigarsa ba abin kunya ba ne.

In kuwa gajiya ce ta taru, ina ganin abin da kike nema bai kai nisan Indiya ba. Bayan rasuwar uwargidana, na yi watanni ina zuwa aiki kamar lafiya, alhali in an yi sallama a ƙofa sai jikina ya ɗauki rawa. Yayata ce ta zo ta tafi da ni ƙauyenta a bayan Zariya, inda ake hango dutsen Kufena. Ta karɓe wayata ta ba ɗanta, ta ce duk mai nema na ya faɗa masa. In na idar da asuba sai in zauna a gindin wata ɗorawa har hantsi, ba na karatu, ba na lissafin komai, ina jin tsuntsaye da luguden mata. Da rana in yi barci, da yamma in zaga gona. Ba wanda ya tambaye ni yaya nake ji. A kwana na uku na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. A na biyar na nemi ƙarin tuwo. Kwana bakwai na yi, kuma har yau ina yi wa yayata addu'a a kan wannan mako.

Keɓewa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan keɓe a kogon Hira tun kafin saukar wahayi. Muna da i'itikafi, wanda a mazhabar Malikiyya ana yinsa a masallaci da azumi, mafi ƙarancinsa yini da dare, kuma akwai masallatan da ke ware wa mata wuri a goman ƙarshe na Ramadan. Mutanen ɗariƙa suna da halwa a hannun shehinsu. Masu son ziyarar Kaulaha ko Fas don samun natsuwa, su kauce wa lokacin Maulidi, lokacin taro ne ba na shiru ba. 'Yan'uwanmu Kirista masu irin wannan buƙata, gidan sufayen Benedikti da ke Ewu a jihar Edo yana saukar da baƙi masu neman kwanakin shiru da addu'a. Shi kuma bin numfashi da hankali, akwai nau'insa na asibiti wanda ba bauta a ciki, wanda Jon Kabat-Zinn ya fara a jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979, ana koyar da shi cikin mako takwas. Minti goma bayan asuba a kan dardumarki ya isa farawa.

Amma ke barci kike bin bashi kafin komai. Ki ɗauki hutunki na shekara cikakke, kada ki sayar da shi. Tunda maigida ya yarda da Indiya, zai yarda da mako ɗaya a gidan wata 'yar'uwa da ba za ta sa ki girki ba. Yara su zauna wurinsa ko wurin kakarsu. Kuɗin jirgin ki cire kaɗan ki ɗauki mai taya ki aikin gida na wata shida. Ki sake rubuto mini bayan nan, ina son in ji.

Daga wani magidanci a Kawo: Kawu, ina son kai iyalina Yankari, ni da maman yara da yara huɗu, ƙaramin shekararsa 4. Yaushe ya fi? Da gaske za mu ga giwa?

Alhaji, Allah Ya sa albarka a wannan niyya. Yaran da suka ga dawa da idonsu daban suke tashi.

Ku bar Kaduna bayan asuba ta Pambegua da Saminaka zuwa Jos, ku gangara ta Toro ku kwana a Bauchi. Kada ku ce sai kun shiga a rana ɗaya da yara a mota. Washegari ku kama hanyar Gombe, a Dindima ku karya zuwa Mainamaji inda ƙofar take. Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki akwai sauran wajen kilomita 40 cikin dawa, a hankali ake tafiya, kuma tun daga nan yara su fara zuba ido. Kwana biyu kafin ku tashi ka kira ka kama ɗaki, ka kuma tambayi halin da hanya da yankin Alkaleri ke ciki a wannan makon. Labarin bara ba ya amfani a irin wannan.

An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. Ya zama gandun tarayya a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244, kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa, kuma kogin nan shi ne amsar tambayarka ta farko. A Disamba akwai sanyi mai daɗi, amma ciyawa tana da tsayi, ruwa kuma bai ƙafe a lunguna ba, dabbobi a warwatse suke. Daga Fabrairu zuwa Afrilu dawa ta bushe, kowace dabba sai ta zo Gaji shan ruwa, a nan ake ganinsu. Sai dai lokacin zafi ne. Da yaro ɗan shekara 4, ni Fabrairu zan zaɓa.

Giwa kuwa, ba zan yi maka alkawari ba, kai ma kada ka yi wa yara. Garken Yankari yana cikin mafi girma da suka rage a ƙasar nan, amma dawa ce ba gidan zu ba. Na je sau biyar, sau biyu na gan su. Na biyun, da sassafe ne, direba ya kashe mota, ma'aikacin gandu ya ɗora yatsa a baki, sai ga su suna tsallaka hanya ɗaya bayan ɗaya, ƙaramar tana bin ƙafar uwa. Abu mai girman ɗaki, amma ba ka jin takunsa, sai ƙarar reshe in ya karye. Jikata da ke kan cinyata ko motsi ba ta yi ba. Abin da kusan tabbas za ku gani su ne gwambaza, mazo, mugun dawa, birai da tsuntsaye iri-iri. In da rabo ɓauna, gwanki, kanki, da dorina ko kada a ruwa. Ku fita zagayen safe, shi ya fi. Ku sa riga mai dogon hannu, ku guji baƙi da shuɗi mai duhu, su tsando ke bi, cizonsa kuma da zafi.

Gwaggon biri na sansanin ba wasa ba ne. Sun saba da mutane, suna fizge leda daga hannu, suna tura ƙofar da ba a kulle ba. Kada ƙaramin ya riƙe biskit ko lemo a waje, kada kowa ya ba su abinci don ɗaukar hoto. Haƙoransu sun fi na kare. Ruwan Wikki yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garau har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa maki 31 rani da damina, dare da rana. Kusa da maɓuɓɓugar akwai zurfin da zai shanye babba, yara su tsaya can ƙasa inda ruwan bai wuce gwiwa ba, hannunsu a naka. Maman yara in tana son sakewa, ku sauka da sassafe kafin a cika. In da lokaci ku nemi a kai ku kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse, manyan yaran za su yi ta tambaya. Ku tafi da gidan sauro da ruwan sha mai yawa.

Roƙona ɗaya: a hanyar dawowa, in an miƙo muku naman daji a bakin titi, kada ku saya. Ma'aikatan gandun nan suna kwana a dawa suna arangama da mafarauta masu bindiga, akwai waɗanda suka rasa ransu a kai. Ba daidai ba ne mu nuna wa yara mazo da safe, da yamma mu sa musu shi a baki.

Daga wani malamin makaranta a Rigasa: Kawu, na ji muna da gandun daji a jiharmu, Kamuku. Ina son kai ɗalibaina 'yan aji uku su ga abin da nake koya musu a allo.

Malam, a'a, ba yanzu ba. Yana yi mini ciwo in faɗi haka, don na san Kamuku tun ana shiga da yara. Yana ƙasar Birnin Gwari, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, ya zama gandun tarayya a 1999, kuma ta arewa yana haɗe da dajin Kwiambana na Zamfara. Na taɓa cin abincin rana a gefen ruwan Dogon Ruwa, burtu biyu suna kiwo a gabanmu ba su damu da mu ba. Dajin nan ne daga baya ya zama maɓoyar 'yan bindiga shekara da shekaru. Gaskiya ne tun sulhun ƙarshen 2024 an sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, motoci kuma suna bin hanyar, muna roƙon Allah Ya ɗorar. Amma bin titi da rana daban, shiga tsakiyar dawa da 'ya'yan mutane talatin daban. Sace ɗaliban Kuriga da aka yi a Maris 2024 a kan wannan hanyar ya faru, kuma iyayen ɗalibanka ba su manta ba.

Ka kai su gidan zu na Audu Bako a Kano, ko gandun namun daji na Jos, da takardar amincewar kowane uba a hannunka, ku je ku dawo da rana. Kafin tafiyar ka sa kowane yaro ya tambayi kakarsa sunayen namun dawa goma da ta taɓa gani a garinsu, ya rubuto, ku kwatanta da abin da za ku tarar. Ranar da na ji ma'aikatan Kamuku da kansu sun fara shiga da iyalansu, zan sanar a wannan shafi, kuma in kana so mu tafi tare da ajin naka.